Filin Kimiyya da Rayuwa: Yadda Ruwan Teku Yake Zuwa Wuro Hausa

Idan aka tambayi manomi a Wuro Hausa ta birnin Yola, ko masunci a bakin Kogin Binuwai a Jimeta, daga ina ruwan sama yake zuwa, ba zai yi dogon tunani ba zai nuna gabas. Yana kuwa da hujjarsa, don tun yana yaro ta can yake ganin hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, mata su shiga kwashe shanya, sa'an nan ruwa ya kece. Amma masana ilmin yanayi sun tabbatar da cewa babban tushen ruwan nan yana kudu maso yamma, watau Tekun Atilantika, wanda gaɓarsa mafi kusa da Yola ta fi nisan kilomita 600. Ashe ke nan ruwan da ke zuba daga indararo a Wuro Hausa baƙo ne da ya sha doguwar tafiya.

Manomin bai yi kuskure ba, masanan ma ba su yi ba. A wannan mako filin nan zai bi sawun ruwan tun daga inda ya tashi har inda ya koma, don mai karatu ya ga yadda maganganun biyu suka haɗu. Sanin wannan tafiya kuwa ya wuce ilmin makaranta kawai, domin a kanta shuka da girbi suka dogara, a kanta kuma ambaliyar da takan ci gidaje a kwarin Binuwai ta dogara.

Rana ce mai ɗibar ruwa

Kowa ya san idan aka shanya jiƙaƙƙen zane a rana zai bushe, idan kuma aka yayyafa ruwa a tsakar gida da hantsi, kafin azahar babu alamarsa. Ruwan bai ɓata ba. Zafin rana ne ya mai da shi tururi mai laushin da ido ba ya gani, ya shige cikin iska. Ba lalle sai ruwa ya tafasa yake zama tururi ba. Ko ruwan sanyi na cikin kwarya a kullum yana sakin wani abu daga samansa, sai dai zafi da kaɗawar iska da bushewarta suna ƙara masa sauri. Shi ya sa wanki yakan bushe nan da nan da hunturu, amma da marka ya wuni a igiya yana ɗanye.

To, abin da ke faruwa ga zanen nan shi ne ke faruwa ga teku, sai dai girman abin ya wuce misali. Teku ya rufe kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma wajen kashi 97 cikin 100 na dukan ruwan da ke duniya a cikinsa yake. Rana tana nesa da duniya da kimanin kilomita miliyan 150, haskenta yakan iso cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, kuma kusan rabin zafin da doron ƙasa da na teku suke sha daga gare ta wajen mai da ruwa tururi yake tafiya. An ƙiyasta cewa a kowace shekara rana tana kwashe ruwan da zurfinsa ya ɗara mita ɗaya daga saman teku baki ɗaya. A cikin dukan tururin da ke hawa sama, wajen kashi 86 cikin 100 daga teku yake fitowa, sauran kuwa daga koguna da tafkuna da jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyayen itatuwa.

Aikin nan yana cin zafi ƙwarai da gaske. Uwargida ta san tukunya takan tafasa da wuri, amma kafin ruwan cikinta ya ƙone ƙarƙaf sai an ƙarar da itace mai yawa. Masana sun auna, sun ga zafin da ake bukata a mai da lita ɗaya ta ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan zafi yakan tafi tare da tururin, shi ya sa abin da ruwa ya bushe a jikinsa yakan yi sanyi. Sirrin randa ke nan: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana ɗauke shi tare da zafin, na ciki ya yi sanyi. Da wannan hikima ce wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A riƙe wannan batu na zafin da tururi yake ɗauke da shi, domin za a sake haɗuwa da shi a cikin hadari.

Ina gishirin ya tafi?

Mai karatu zai iya cewa, in dai ruwan sama daga teku yake, me ya sa ba a jin gishiri a cikinsa? Tambaya ce mai kyau, don kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, abin da ya sa ba ya shayuwa, ba ya kuma rayar da shuka. Amsar ita ce ruwa kaɗai ke iya zama tururi a irin wannan zafi, gishirin sai ya zauna a baya. Mutanen Bilma da Fachi a ƙasar Nijar sun daɗe suna cin abinci da wannan ilmi. Sukan tara ruwa mai gishiri a ramuka, rana ta shanye ruwan, su kwashe gishirin su yi kantu, ayarin raƙuma ya kawo shi kasuwannin ƙasar Hausa. Su gishirin suke so, ruwan su bar wa rana. Manomi kuwa ruwan yake so, kuma rana ta tace masa shi ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya, da suke raba ruwan teku da gishiri da injuna, sun san irin dukiyar da wannan aiki yake ci.

Iska ce 'yar dako

Tururi ya tashi daga teku, saura mai kawo shi tudu. Mafi yawansa ba ya zuwa ko'ina, a kan tekun yake komawa ya zuba. Kaso kaɗan ne iska take ɗaukowa zuwa ƙasa, kuma da wannan kaɗan ɗin ne dukan koguna da rijiyoyi da gonakin duniya suke rayuwa.

A Afirka ta Yamma iskoki biyu ne suke ja-in-ja duk shekara. Ɗaya daga arewa maso gabas take fitowa, ta ratso Hamadar Sahara, busasshiya ce mai ƙura, ita ce ta hunturu. Mafi yawan ƙurar nan da takan rufe Yola a watan Disamba da Janairu daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce da shi Bodele. Ɗayar kuwa daga kudu maso yamma take, ta taso daga kan teku cike da laima. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar nan ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu tana kusa da bakin teku, a watan Agusta kuwa ta kai can cikin hamada, arewa da Agadas. Duk garin da iyakar ta wuce shi zuwa arewa ya shiga cikin iskar teku, damina ta kusa gare shi.

Abin da ke jawo iyakar nan arewa shi ne zafin bazara. A tsakiyar watan Afrilu rana takan tsaya daidai tsakar ka a Yola, a lokacin ne ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, barci ya gagara a ɗaki. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, saboda haka sahel da hamada sukan yi zafi fiye da teku nesa ba kusa ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta yi sama, ta bar gurbi a ƙasa, iskar teku mai ɗan sanyi da nauyi ta kwararo don ta cike gurbin. Juyawar da duniya take yi ita ke karkatar da ita, har ta iso ta fuskar kudu maso yamma. Saboda haka zafin da mutanen Jimeta suke kuka da shi a watan Maris da Afrilu shi ne igiyar da ke jawo damina. Alamar isowar iskar kuwa sananniya ce: gumi ya daina bushewa a jiki, kaushi ya ragu, fatar ganga ta saki, itatuwa su fara toho tun ruwa bai sauka ba.

Iskar nan tana tafe tana sauke kayanta a hanya. A Debunsha, gindin Dutsen Kamaru, inda ta fara cin karo da tsauni tana fitowa daga teku, ruwan da ake samu a shekara yakan kai milimita 10,000. Kalaba tana samun kusan 3,000. Kafin iskar ta iso Yola kaya sun ragu, abin da ake samu wajen milimita 900 ne, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Maiduguri wajen 600, Agadas kuwa ko 200 ba ta samu. Da ma iskar za ta iso da abin da bai kai haka ba, in ba don dazuzzukan da ke kan hanya ba. Itatuwa suna zuƙo ruwan da ya sauka ta saiwoyinsu, su sake shi ta ganye ya koma cikin iska, ya ƙara gaba ya sake zuba. Ɗigon da ya sauka a Wuro Hausa mai yiwuwa ne ya yada zango sau ɗaya ko sau biyu a dazuzzukan kudu. Wanda ya sare daji a can, ya taɓa rabon manomin arewa ko bai sani ba.

Dalilin da ya sa hadari yake tasowa daga gabas

Yanzu sai a koma ga maganar manomi. Iskar teku a ƙasa-ƙasa take tafiya, kaurinta bai cika wuce kilomita ɗaya zuwa biyu ba. A bisanta, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina. Da rana ta gasa ƙasa, sai iska mai laima ta fara hawa sama, musamman a kan tuddai, irin su tsaunukan Mandara da ke arewa maso gabashin Yola da na Alantika da ke kudu maso gabas a kan iyakar Kamaru. Sama kuwa sanyi gare ta, kowace kilomita ɗaya aka hau zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi da yawa, sai tururin ya koma ruwa, kamar yadda yakan taru a marfin tukunya, ko yadda raɓa takan kwanta a ciyawa da asuba.

Tururin ba ya komawa ruwa sai ya sami abin da zai kama, watau ƙwayoyin ƙura, ko hayaƙi, ko ɓurɓushin gishirin da igiyar teku take watsawa cikin iska. A jikinsu yake taruwa ya zama ɗigo ƙanana ƙwarai, taronsu shi ne gajimare. Sai an haɗa irin waɗannan wajen miliyan ɗaya kafin a sami ɗigon ruwan sama guda mai nauyin da zai faɗo. A nan ne kuma zafin nan da tururi ya ɗauko daga teku yake fita. Yana fita sai ya ƙara ɗumama iskar da ke cikin girgijen, ta ƙara yin sama da ƙarfi, ta jawo wata daga ƙasa. Haka girgije zai yi ta tashi kamar hasumiya har ya wuce kilomita 12, samansa ya zama ƙanƙara, walƙiya da tsawa su fara. Ƙarfin iskar da takan yaye rufin kwano a Jimeta, asalinsa zafin rana ne da ya sauka a kan teku kwanaki kaɗan da suka wuce.

To, da yake girgijen ya yi tsawo ya shiga cikin iskar gabas da ke sama, ita ce take tura shi zuwa yamma. Yana tafe yana zuƙar laimar da iskar teku take kawo masa ta ƙasa. Ga inda maganganun biyu suka haɗu ke nan: hadarin daga gabas yake zuwa, ruwan da ke cikinsa kuwa daga kudu maso yamma aka kawo shi. Irin wannan jerin hadari yakan ratsa ƙasashe, ya wuce Nijeriya da Nijar da Mali har ya faɗa teku ta wajen Sanigal da Gini, kuma waɗansu daga cikin manyan guguwoyin da sukan afka wa Amurka da tsibiran da ke kusa da ita daga irinsa suke farawa.

Komawar ruwa gida

Hausawa sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tururi ba ya daɗewa a sama, a matsakaicin lissafi kwana tara ne. Da za a matse dukan laimar da ke cikin iskar duniya a lokaci guda, zurfin ruwan da zai rufe ƙasa bai wuce milimita 25 ba, watau ruwan dare ɗaya mai kyau. Saboda haka ba wani rumbu ne a sama da aka tara ruwan shekara ba. Kullum rana tana ɗiba, kullum ana zubarwa.

Ruwan da ya sauka kashi uku yake rabuwa. Wani ya koma sama nan take ta hanyar bushewa da numfashin tsire-tsire. Wani ya nutse cikin ƙasa, shi ne na rijiya da na burtsatse, shi ne kuma laimar da baƙar ƙasar kwarin Binuwai take riƙewa har a dasa masakwa bayan damina ta ɗauke, ta nuna ba tare da ta ga ɗigon ruwan sama ba. Na ukun ya gangara ta kwata da rafi zuwa kogi.

Kogin Binuwai daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru yake tasowa, ya bi ta Garwa, ya karɓi Kogin Faro a wajen iyaka, ya wuce Jimeta, ya karɓi Gongola a Numan, ya bi ta Ibi da Makurɗi, ya haɗu da Kogin Kwara a Lakwaja bayan tafiyar kilomita wajen 1,400. Daga nan sai kudu, har ruwan ya koma Tekun Atilantika inda ya fito. Wanda ya tsaya a kan gadar Jimeta a watan Afrilu zai ga yashi fari fat da ɗan ruwa yana bin gefe, in ya komo a watan Satumba ya ga ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan. A zamanin da jiragen ruwa suke hawowa Jimeta da Garwa ɗaukar gyaɗa da auduga, cikin 'yan watannin cikar kogi kaɗai suke iya zuwa, dole su juya kafin ruwa ya janye. Wani ruwan na tuddan Adamawa kuwa arewa yake nufa ta Kogin Lagon zuwa Tafkin Chadi, wanda ba shi da hanyar zuwa teku. A can rana take karɓar abinta kai tsaye, don takan shanye ruwan da zurfinsa ya kai mita biyu daga tafkin a kowace shekara.

An daɗe kafin a yarda cewa ruwan sama kaɗai ya isa ya cika kogi. Masana da yawa a zamanin da sun zaci ruwan teku ne yake bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a kan duwatsu. Sai a shekarar 1674 wani Bafaranshe, Pierre Perrault, ya buga sakamakon awon da ya yi a yankin da Kogin Sen yake farawa, ya nuna ruwan saman da ke sauka a wurin ya ninka wanda kogin yake ɗauka wajen sau shida. A 1687 kuma Edmond Halley na Ingila ya zuba ruwan gishiri a tasa, ya ɗumama shi daidai zafin bazarar ƙasarsu, ya auna abin da ya ragu. Da wannan ya lissafa cewa abin da rana take ɗiba daga Bahar Rum ya ninka abin da kogunansa suke zuba masa kusan sau uku. Da tasa da ma'auni aka warware gardamar ɗaruruwan shekaru.

Idan teku ya sauya hali

Tun da yake tushen damina yana teku, duk abin da ya taɓa teku zai taɓa rumbu. Dattawa ba su manta da farin 1972 zuwa 1973 ba, da na 1983 zuwa 1984, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa, mutane suka bar garuruwansu. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba a tsakiyar shekarun 1980. Da farko an ɗora laifin a kan yawan kiwo da saran itace. Amma binciken da Chris Folland da abokan aikinsa suka buga a Ingila a 1986, da wanda Alessandra Giannini da nata abokan suka buga a 2003, sun nuna babban dalilin yana teku. A shekarun nan ruwan tekunan kudu ya ƙara ɗumi, na arewacin Atilantika kuwa ya yi sanyi idan aka gwada da shi, sai ƙarfin da ke jawo iskar damina zuwa arewa ya ragu, ruwa ya tsaya a kudu. Makiyayin da ya rasa shanunsa bai taɓa ganin teku ba, amma can aka yanke masa hukunci.

Yanzu kuma wani sauyin ya shigo. Hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da gas da ake ƙonawa ya ƙara wa duniya zafi da fiye da digiri ɗaya tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa shekarar 2024 ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Kowane ƙarin digiri ɗaya yana ba iska ikon ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce gona za ta fi saurin bushewa idan ruwa ya yi jinkiri, idan kuma ya zo ya zo da yawa a lokaci guda. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa hadari mafi tsanani a yankin sahel ya ninka yawansa sau uku tun daga 1982.

Mutanen Adamawa sun ga wannan da idonsu. A ambaliyar 2012 hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan biyu kuma suka rasa muhalli. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Sau biyun an ambaci madatsar ruwa ta Lagdo, wadda Kamaru ta gama ginawa a kan Binuwai a 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Gaskiya ne sakin ruwanta yakan ƙara wa kogin nauyi, gaskiya ne kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a yankin Fufore don ta tare shi, ambaliyar 2022 ta zo ta tarar ba a gina ta ba. Amma ya kamata a sani Lagdo ba ta ƙera ruwa. Abin da sama ta zuba mata take riƙewa, in ta cika dole a buɗe, in ba haka ba ta fashe. Ban da haka Kogin Faro da Mayo Kebbi a ƙasa da madatsar suke shiga Binuwai, ruwansu ba ya bi ta ƙofarta.

Abin da ya rage ga jama'a

Babu mai iya hana rana ɗibar ruwa, babu mai iya juya iska. Abin da ke hannun mutane shi ne yadda za su karɓi ruwan idan ya sauka. Sunan Yola kansa daga kalmar Fulatanci yake mai nufin tudu, kuma da Modibbo Adama ya kafa garin a 1841 wuri mai bisa ya zaɓa, ya bar kwari ga kogi da shanu da masu noma. Wuro Hausa, watau garin Hausawa da Fulatanci, a jikin wannan tsohon gari ta zauna. Yau da jama'a suka yi yawa, an yanka filaye a fadama, an yi gini a kan hanyar ruwa, an cika magudanu da leda da shara. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, ko ya shekara goma bai bi ta ba. Hukumomin da ke ba da izinin gini da masu unguwanni da masu sayen fili duk suna da rabonsu a cikin wannan. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna ita ma takan fitar da na ambaliya. Kamata ya yi a riƙa karanta su a rediyo da Hausa da Fulatanci, a kuma ɗauke su da muhimmanci, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'an nan ga wani lissafi da kowane maigida zai iya yi da kansa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 a Wuro Hausa yana karɓar lita 90,000 a damina matsakaiciya, watau duro 450 mai cin lita 200, ko jarka 3,600 mai cin lita 25. Sai maigida ya duba nawa yake biyan mai kura a kan jarka ɗaya da rani, ya ninka. Mafi yawan wannan ruwa barinsa ake yi ya kwarara titi, ya haɗu da na maƙwabta ya zama ɓarna ga na gangare, bayan wata huɗu kuma a fita nema da kuɗi. Indararo mai kyau da tanki mai marfi, a bar ruwan farko ya wanke rufin tukuna, a kuma tafasa na sha, za su rage wahala biyu a lokaci ɗaya. Haka nan a gona, kunyar da aka yi ta gicciye gangare, da karan da aka bari ya rufe ƙasa, da itacen da aka ƙyale a tsaye, duk suna sa ruwa ya nutse maimakon ya gudu da taki.

A mako mai zuwa filin zai duba ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, da dalilin da ya sa wata rijiyar take ƙafewa da rani wata kuwa ba ta ƙafewa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye jama'a daga ɓarnar ruwa.